Jitar Bariton Mai Araha: Ƙirarta, Sautinta, Da Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Saya



Tun ranar da na ɗora ɗan bidiyon nan da nake kaɗa jita a soron gidanmu na Unguwar Gano, tambaya ɗaya ake ta turo min: wai wace irin jita ce wannan mai gurnani, bes ce ko me? Wani ƙanena ma cewa ya yi ya fara tara kuɗi zai sayi irinta. Wannan maganar tasa ce ta sa na zauna na yi rubutun nan, don ni kuɗin adashina na wata bakwai na zuba a kanta, kuma saura ƙiris in yi kuka da idona. Sunanta jitar bariton. Ga abin da na sani a kanta, da wanda na karanta da wanda hannuna ya koya min.

Mece ce jitar bariton?

Jitar lantarki ce mai tsirkiya 6 kamar kowace, sai dai wuyanta ya fi tsawo, tsirkiyoyinta sun fi kauri, muryarta kuma ta fi zurfi. Tana tsakanin jitar da muka saba gani da kuma bes.

Awon da ake bambanta su da shi shi ne tsawon tsirkiya, daga ɗan ƙashin da ke saman wuya zuwa inda tsirkiya ta hau ƙarfen da ke kan gangar jiki, wanda masu garaya za su ce masa jaki. A jitocin Fender irin su Stratocaster tsawon inci 25.5 ne, a na Gibson inci 24.75. Bariton kuwa daga inci 27 take tashi har zuwa wajen 30.

Ita jita ta gama-gari ana saita ta a kan E A D G B E. Bariton galibi a kan B E A D F# B ake saita ta, wasu ma su ƙara sauke ta zuwa A. In kana son lissafi: tsirkiya mafi kauri ta jita tana girgiza wajen sau 82 a daƙiƙa ɗaya, ta bariton wajen sau 62, ta bes wajen sau 41. Ka riƙe lambobin nan, za mu dawo kansu, don su ne suka kusa kunyata ni a situdiyo.

Za ka ce to me zai hana in sassauta tsirkiyar jitata kawai ta sauka zuwa B? Na gwada kafin in sayi wannan. Tsirkiyar takan yi laƙwas kamar igiyar shanya, tana dukan ƙarafan wuya, kuma da ka ɗan danna da ƙarfi sai sautin ya kauce. Tsawon wuya da kaurin tsirkiya su ne ke sa ta tsaya a ɗame ko da an sauke murya.

Daga ina ta fito?

Kamfanin Danelectro na Amurka ne ya fara yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1950. A 1961 Fender ya fitar da 'yar uwarta mai suna Bass VI, mai inci 30, wadda ta fi ta zurfi. Makaɗa irin su Duane Eddy sun yi suna da wannan sauti mai kauri, kuma shi ne sautin da mutane ke dangantawa da fina-finan kaboyi, irin waɗanda iyayenmu suka kalla a silima: jarumi shi kaɗai a kan doki, ƙura na tashi, jita na gurnani a ƙasa-ƙasa. Daga baya masu kiɗan rok mai nauyi suka rungume ta.

A nan gida kuwa kowa ya san fiyano ce sarauniya. Tun shekarun 1990 kiɗan fim ɗin Hausa a kan fiyanon Yamaha ya ginu, daga baya kwamfuta ta karɓa. Kalmar jita ta zauna a bakinmu, ga Ali Jita nan shaida, amma in ka zaga situdiyoyin Zoo Road, sautin jitar da kake ji a yawancin waƙoƙi daga cikin fiyano aka ciro shi. Masu kaɗa ta da hannu sun fi yawa a wajen maƙwabtanmu na Nijar: Bombino na Agadas, ƙungiyar Tal National ta Yamai, da Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008. Su jita ta gama-gari aka san su da ita. Na kawo su ne don ka san kaɗa jita da salon yankinmu abu ne da aka riga aka yi, aka kuma ci kasuwar duniya da shi.

Masu araha da ake da su

Sunayen da za ka fi cin karo da su a intanet in kana neman mai sauƙin kuɗi: Squier, wato ƙaramin sunan Fender, yana da Paranormal Baritone Cabronita Telecaster da kuma Classic Vibe Baritone Custom Telecaster, dukansu inci 27. Harley Benton na shagon Thomann da ke Jamus shi ma yana da masu inci 27. In ka ɗan hau sama akwai PRS SE 277 mai inci 27.7, da Gretsch G5260 mai inci 29.75.

Tawa ba ta cikin waɗannan. Ta gwanjo ce, na tsince ta rataye a wani shagon kayan kiɗa a Sabon Gari, inci 27, kuma ba zan faɗi sunan da ke jikinta ba don kada a ce na ɓata wa wani kasuwa. Mai shagon da kansa ya ce min, "Oga, wannan ta daɗe a nan, duk wanda ya ɗauka sai ya ce wuyan ya yi masa tsawo." Da ma a nan ya kamata in tsaya in duba da kyau. Amma sautin ya riga ya tafi da ni, na biya na hau adaidaita.

Ƙira: inda araha ke ɓoye aibinta

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a harkar jita sai in ce adon kaɗai take yi. Fenti yana ƙyalli, katako ba laifi. Inda ake rage kuɗi shi ne ƙananan abubuwan da ido ba ya zuwa. Ga su ɗaya bayan ɗaya.

1. Wuya. Danna tsirkiya mai kauri a ƙarfen farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka leƙa tsakiya, wajen ƙarfe na 7 ko na 8. Ya kamata ka ga ɗan sarari kamar kaurin katin waya na takarda. In ba sarari ko kaɗan, za ta yi ta zizara. In sararin ya yi yawa, yatsunka za su sha wuya. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da alanki don gyara wannan. Ka ce mai shago ya ɗan juya ta a gabanka. In ta ƙi motsi ko tana juyawa a banza, ajiye jitar ka kama gabanka, komai kyanta. Sannan ka ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai auna bindiga: lanƙwasa tana gyaruwa, murɗewa kuwa sai dai haƙuri.

2. Bakin ƙarafa. Shafa hannunka a gefen wuya. Tawa lokacin da na saya da damina lafiya lau take. Da hunturu ya shigo, katakon ya bushe ya tsuke, ƙarafan suka leƙo waje, har ɗaya ya yanke ni a gefen yatsa. Wannan ciwon Kano ne, ko jita mai tsada ba ta tsira ba, sai dai mai araha ta fi saurin kamuwa. Ƙaramin magagari mai laushi ya isa a goge su, bayan an rufe katakon da salatif.

3. Ɗan ƙashin saman wuya. A masu araha na roba ne, kuma sau da yawa ramukansa ba su dace da tsirkiya mai kauri ba. Alamarsa: kana murɗa saiti sai ka ji "ƙit", sautin ya yi tsalle. Goga bakin fensir a cikin ramin yana taimakawa. In bai yi ba sai an faɗaɗa shi.

4. Kunnuwan saiti. Murɗa kowanne ka ji ko yana da lasko. Ka kuma duba ramin da tsirkiya ke shiga, don wani ramin ba ya ɗaukar tsirkiya mai kauri sosai.

5. Jaki. Wannan shi ne babba. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a ƙarfe na 12. Sauti ɗaya ya kamata su bayar, na biyun yana sama. Sauke manhajar saita jita a wayarka ka auna. In na 12 ya haura, sai a ja ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke kai baya. In ya gaza, a turo shi gaba. Matsalar ita ce a wasu masu araha za ka ja shi har ƙarshe bai kai ba. Ka tabbata akwai sauran wuri.

6. Kayan wuta. Jona ta da amfilifaya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a bakin soket. Ƙarar "ƙar-ƙar" ƙura ce ko sakin dalma, mai gyaran rediyo na unguwa zai iya da ita. Tawa a nan kusa da Kasuwar Tarauni aka ɗaure min wayar da ta saki.

Tsirkiya: tambayar da za ka fara yi

Kafin ka tambayi kuɗin jita, tambayi inda za ka samu tsirkiyarta. Jita ta gama-gari tana amfani da saiti mai lamba 10 zuwa 46. Bariton tana son 13 zuwa 62, ko 14 zuwa 68. D'Addario na yin duka biyun, Ernie Ball kuma yana da 13 zuwa 72. Ni duk zagayen da na yi a Kano ban samu ba, sai da na sa aka kawo min daga Legas, na yi sati uku jita na jingine.

Dabarar da nake yi yanzu in na matsu: in samu saitin jita mai tsirkiya 7, in ajiye mafi sirantar, in ɗaura sauran shidan. Ba ta kai ta asali ɗamewa ba, amma tana fitar da kai kunya. Da damina kuma ka riƙa goge tsirkiya da busasshen ƙyalle duk ka gama, don gumi da laima ke kawo tsatsa.

Sauti

Nan ne ta biya ni kuɗina. In ka kaɗa tsirkiyoyin ƙasa ɗaya-ɗaya, a hankali, sautin yana da kauri da ɗan kaushi, yana tuna min da gurmi ko babbar garaya, sai dai ita tana jan numfashi fiye da su. Ranar farko Ummanmu daga tsakar gida ta ce, "Kai kuma wane irin gurnani ne wannan da tsakar rana?" Bayan kwana biyu ita ce ke cewa in sake wancan mai taushin.

Amma tana da sharaɗi. In ka haɗa tsirkiya shida ka buga gaba ɗaya a can saman wuya kamar yadda ake yi da jita, sai sautin ya cakuɗe ya zama kunu. Tsirkiya biyu ko uku sun ishe ta. Karin waƙoƙinmu na gargajiya da ma galibi a kan sauti biyar suke yawo, don haka suna zama daram a kanta.

Abin da ke ɗaukar sautin shi ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda makaɗa ke kira fikof. Iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya yana fitar da sauti tas, amma yana jawo ƙugin wuta. Mai naɗi biyu yana kashe ƙugin, amma na araha yakan toshe murya, kamar mai magana da bargo a ka. A bariton na fi son mai naɗi ɗaya, ko kuma in yi amfani da fikof ɗin da ke kusa da jaki. In tsirkiyar ƙasa ta danne sauran, ɗauki sukudireba ka ɗan sauke fikof ɗin ta ɓangarenta.

Maganar ƙugi kuma ba wasa ba ce a nan. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ka ga kusa take da 62 ɗin tsirkiyar B, da wuya ka yanke ɗaya a kwamfuta ba ka taɓa ɗaya ba. Yawancin soket ɗin gidajenmu ba su da wayar ƙasa, in an tayar da janareta kuma abin ya ƙaru. Ka nisanci cajar waya da fanka, ka juya jikinka har ka samu inda ƙugin ya ragu. In ka taɓa tsirkiya ka ji wuta na ɗan cizonka, kashe komai ka kira mai wayarin, rai ya fi waƙa. In kuma amfilifayarka 'yar Amurka ce ta gwanjo, duba bayanta: mai 120 ce ko mai 230? In mai 120 ce ka jona ta kai tsaye, hayaƙi za ka gani.

Ranar da ta kusa kunyata ni

Wani abokina mai haɗa kiɗa a Zoo Road ya samu aikin sautin wani fim mai dogon zango na YouTube. Akwai fitowar da uwa ke zaune bayan an fita da gawar ɗanta, ya ce ya gaji da kukan sarewar fiyano, in zo da "mai gurnanin nan". Na saɓa ta a kafaɗa ba jaka, don jakar jita ta gama-gari ta yi mata gajarta, na tsallaka ta Dangi ina jin kaina.

Muka ɗauka. A manyan sifikun situdiyo har tsigar jikina ta tashi. Sai ya tura wa wayarsa ya kunna. Shiru. Muryar mai kuka kawai ake ji. Ya dube ni ya ce, "Mutumina, ai masu kallonmu a waya suke kallo." Ga kuma wata: duk inda na hau tsakiyar wuya, sautina yana ɗan saɓa wa na fiyano, saboda ban taɓa saita jakin ba.

Abin da ya faru shi ne ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi irin na 62. Abin da kunne ke kamawa a waya shi ne ƙananan sautukan da ke hawa kan babban. Na roƙi kwana biyu. Na sa sabuwar tsirkiya, na zauna da sukudireba na saita jaki. Da muka koma, na kaɗa kusa da jaki don sautin ya yi kaifi, muka ƙara masa ɗan kaushi kaɗan da amsa-kuwwa, shi kuma ya cire bes daga wannan wurin gaba ɗaya don kada su yi rububi. A karo na biyu ta fito a waya raɗau. Daƙiƙa 40 ce kacal a fim ɗin, amma ita ce kuɗin farko da jita ta taɓa kawo min.

Daɗin kaɗawa

Faɗin gidan farko a jita mai inci 25.5 wajen milimita 36 ne. A mai inci 27 wajen 38 da rabi, a mai inci 30 kusan 43. A takarda kamar ba komai, amma in ka baza yatsu huɗu za ka ji a jikinka. In hannunka ƙarami ne, tsaya a inci 27.

Tsirkiya mai kauri tana cin yatsa. Sati biyun farko sai da kan yatsuna suka yi kanta. Lanƙwasa tsirkiya irin ta su Mdou Moctar kuwa da wuya a nan, gara ka riƙa zamewa daga gida zuwa gida. Ga nauyin wuya: in ka tsaya da ita, kan yakan rinjaya ƙasa, sai ka nemi maratayi mai faɗi wanda ba ya santsi.

Abin daɗin shi ne ba sabon karatu za ka yi ba. Duk yadda ka saba ɗora yatsu haka za ka ɗora, sunan sautin ne kawai ke canzawa. Kamun C zai ba ka G, kamun G zai ba ka D, kamun E zai ba ka B. Ka rubuta wannan a takarda kafin ka shiga situdiyo, don mai fiyano zai ce maka "muna G", kai kuma ka kama G ɗinka ka fito a D. In ka ɗaura maƙalin kapo a gida na 5, ta koma saitin jita ta gama-gari, ka ga kamar jita biyu ke gare ka.

Wa ya kamata ya saya?

In ba ka taɓa riƙe jita ba, kada ka fara da ita. Darussan da za ka samu a YouTube kusan duk na jita ta gama-gari ne, tsirkiyarta tana wahalar samu, kuma ranar da ka so sayarwa za ka daɗe ba mai taya ba. Wannan ita ce amsar da na ba ƙanena, kuma na ce ya zo ya riƙa taɓa tawa har ya ga ko da gaske yake.

In kuwa ka riga ka iya, kana haɗa sautin fim, ko kana rakiyar mawaƙi mai siririyar murya kana son abin da zai zauna a ƙarƙashinta ba tare da ya yi gogayya da ita ba, to mai araha ma ta isa. Sai dai ka ware wani abu daga kuɗin don tsirkiya biyu da gyara, kada ka zube duka a kan kanta. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Wuya lafiyayye da jakin da ke saituwa su ne ba a sassauci a kansu, sauran duk ana gyarawa a hankali.

In za ka je sayen, tafi da waya mai manhajar saiti, da ƙaramar sukudireba, da wanda ya fi ka sani, kuma kada ka biya sai an jona ta da wuta ka ji da kunnenka. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa gwargwadon abin da na sani. In kuma akwai wani mai irinta a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, don Allah ya yi magana, mu haɗa kuɗi mu yi odar tsirkiya tare kafin hunturu ya shigo.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.